Hoton da Aka Yanke wa Hannu

Akwai wani mutum a wani gari, sunansa Filibus, sana'arsa kuwa gina shafukan intanet. Mai shago zai zo wurinsa, ko makaranta, ko majami'a, sai ya zauna gaban kwamfuta ya shirya musu shafi, ya zuba rubutu da hotuna, duk mai waya a hannu ya buɗe ya gani. Gwani ne, wannan ba a ja da shi. Mai ibada ne kuma, ba a taɓa buga ƙararrawar sujada aka same shi a waje ba. Sai dai yana da wani hali guda. A wurinsa mutum ko dai yana ciki, ko yana waje. Idan ka ce masa kana ƙoƙari, sai ya dube ka kamar ka zage shi.

Yana da ƙanwa mai suna Rifkatu, da ƙane mai suna Habila, shi ne autansu. Habilan nan shi ne ciwon kan gidan. Tun yana saurayi ya bi abokai zuwa haƙar kuza, ya koyo shan burkutu a can. Wata Lahadi ka gan shi tsaf da wankakkiyar riga, wata Lahadi ka gan shi kwance a gindin mangwaro bai san inda kansa yake ba. Ko ya zo sujada ma a bakin ƙofa yake tsayawa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, kafin a yi addu'ar rufewa ya sulale. Filibus ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya daina amsa gaisuwarsa. Uwarsu kuwa, wadda kowa yake kira Mama, kullum sai ta rufe masa tuwo ta ajiye, ko zai zo ko ba zai zo ba.

Wata Kirsimeti mai ɗaukar hoto ya shigo ƙauyensu. Mama ba ta son hoto ko kaɗan, da an ɗaga waya sai ta ja gyale ta rufe fuska. Amma ranar nan, da ta ga ’ya’yanta maza biyu a gida, sai ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta tsaya gaban rumbu, ta kira su. Filibus ya ce in dai da Habila a hoton, to, ban da shi. Habila da ya ji haka sai ya fara ja da baya don ya ba yayansa wuri. Mama ta miƙa hannu ta cafke kafaɗarsa, a daidai nan mai hoto ya danna. Hoton ya fito, ga Mama a tsakiya, ga Habila can gefe yana ’yar dariyar kunya, ga hannunta a kafaɗarsa. Ku ’yan zamani masu ɗaukar hoton kwanon shinkafa kafin ku ci, kada ku yi mamaki: wannan shi ne kaɗai hoton Mama a duniya, shi ne kuma kaɗai na Habila. Rifkatu ta sa shi a gilashi ta rataye a ɗakinta.

Ana nan sai Mama ta kwanta ciwo, Ubangiji ya kira ta. Ranar jana'iza Habila bai iso da wuri ba. Sai da aka fara zuba ƙasa ya bayyana, ya tsaya can nesa a bayan jama'a, ya kasa matsowa. Filibus ya hango shi, ransa ya ɓaci, ya ratsa mutane ya je gabansa ya ce, “Ko ka matso ka tsaya cikin ’yan'uwa kamar mutum, ko ka tafi. Babu tsakiya.” Habila ya dubi kabarin, ya dubi yayansa, ya juya ya tafi. Tun daga ranar ƙafarsa ba ta sāke taka ƙauyen ba.

Bayan an share makoki, matan zumunta da dangi na nesa suka roƙi Filibus ya gina shafi don tunawa da Mama, a sa hotonta da waƙoƙin da take so. Rifkatu ta sauko da hoton daga bango ta kai masa birni. Ta san halin yayanta sarai, don haka kafin ta sake shi daga hannunta sai da ta sa ya yi alkawari ba zai cire Habila ba. Filibus ya ce, “Hannuna ba zai taɓa shi ba.”

Ya kwafi hoton cikin kwamfuta, ya fara aiki. Ya ba shafin launin shuɗi mai duhu a sama, yana saukowa yana washewa kamar sararin asuba. Ba ya so hoton ya zauna a kai kamar takardar da aka liƙa a bango, yana so ya narke cikin shuɗin. Sai ya sa tsakiyar hoton ta fito sosai, gefe-gefe kuwa ya riƙa dusashewa a hankali, yana zama shara-shara, har launin da ke baya ya riƙa ratsowa. Fuskar Mama ta fito raɗau. Habila, da yake a gefe yake, ya faɗa cikin wurin da ya dusashe. Bai ɓace ba, ana ganinsa kamar mutumin da ke bayan labule mai shara-shara, dariyarsa tana nan, hannun Mama yana nan a kafaɗarsa. Rifkatu da ta gani sai ta fashe da kuka, ta ce haka Habila yake da ma, ana ganinsa ba a ganinsa, a bar shi haka. Ta ɗauki hotonta na takarda ta koma gida da farin ciki.

To, a nan ne magana take. Masu wannan sana'a, in sun gama gyara hoto, sai sun zaɓi mazubin da za su ajiye shi a ciki kafin su ɗora a shafi, kowane mazubi kuma da abin da yake iya riƙewa. Akwai wanda ake kira JPEG, shi bai san shara-shara ba sam, duk inda ya kamata a hango baya sai ya cike da fari. Wannan ba zai yi ba, Filibus bai ko dube shi ba. Akwai PNG, shi ne ya dace da aikin, domin yana riƙe kowane mataki na dusashewa, abin da ya fito sosai da abin da ya fito rabi da abin da ya rage ɗan kaɗan, duka yana ajiyewa. Aibinsa ɗaya, yana da nauyi, yana ɗan jinkirin buɗewa. Sai kuma wani tsoho da ake kira GIF. Shi wannan amsa biyu kawai ya sani. Kowane ɗigo na hoto zai tambaye shi: kana nan ko ba ka nan? Wanda ya fi rabi sai ya cika shi ya tsaya ƙyam, wanda bai kai rabi ba sai ya zubar da shi gaba ɗaya.

Filibus ya san duk wannan kamar yadda ya san sunansa. Ko sabon shiga ba zai zuba hoto mai dusashewa a GIF ba. Amma ya zauna yana kallon inuwar ƙanensa a jikin uwarsu, abin yana cin ransa. Ya tuna tuwon da ake rufewa ana ajiyewa, ya tuna shi da yake biyayya tun yana yaro ba a taɓa cafke kafaɗarsa haka ba. Kishi ne, ’yan'uwa, kishi ne tsantsa, ko da yake shi ya kira shi kishin gaskiya. Sai ya ce a ransa, ai mutanen ƙauye sabis ɗinsu ba ƙarfi, hoto mai nauyi zai wahalar da su. Ya zaɓi GIF, ya danna.

Nan take Habila ya ɓace ƙurmus. Amma ba shi kaɗai ya tafi ba. Hannun Mama daga wuyan hannu zuwa yatsu yana cikin wurin da bai kai rabi ba, shi ma ya tafi. Gefen gyalenta, da yake narkewa cikin shuɗi, ya zama zage-zage kamar an yanka da dakusasshen almakashi. Fuskarta ma ta yi dabbare-dabbare, domin mazubin nan launuka kaɗan yake iya ɗauka. Filibus ya ga haka sarai, amma ya daure ya ɗora a shafi. Sa'an nan ya yi abin da ka'idar sana'arsa ta hana. Ya goge kwafin asali, ya goge wanda ya yi aiki a kai, wai suna cin wuri, ai na takarda yana wurin Rifkatu.

Da Rifkatu ta buɗe shafin a wayarta sai ta kira shi, ta tambaye shi ina alkawari. Ya ce mata bai karya ba, hannunsa bai taɓa Habila ba, mazubin hoton ne ya zubar da shi, ya kuma jero mata bayanin nauyi da sabis. Ba ta san kan abin ba, sai ta ƙyale shi. Ta ta'azantar da kanta da cewa ko ba komai kwafin asali yana wurin Yaya, tunda shi mutum ne mai adana abu. Ka ji fa, kowa yana dogara ga ɗan'uwansa.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana da damina saƙo ya zo cewa ramin kuza ya rufta da mutane, Habila yana ciki. Ba a ma iya fito da su ba, a bakin ramin aka yi addu'a. Filibus ya ji labarin, bai yi kuka ba. Ya ce wa kansa abin da ya guda ne ya faru.

Bayan ’yan makonni sai ga Rifkatu a ƙofarsa tare da wata mace sanye da baƙi da ’yar yarinya mai famfara. Matar sunanta Laraba, ita ce matar da Habila ya aura a can, yarinyar kuma Keziya, ’yarsu. Filibus bai taɓa sanin da su ba. Da yarinyar ta yi murmushin gaisuwa sai ya ga dariyar kunyar nan ta ƙanensa.

Laraba ta ba shi labari a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce Habila bai daina sha gaba ɗaya ba, amma ya rage sosai, yakan yi watanni bai kusanci gidan burkutu ba, in ya faɗi kuma sai ya tashi ya sāke farawa. Ta ce akwai wata ’yar majami'a ta kwano a wurin, shi ne yake share ta ran Asabar, ya jera benci, ran Lahadi kuma ya zauna a na ƙarshe. Ya bar bakin ƙofa, ya shigo har benci. Ta ce wata rana wani ya nuna masa shafin Mama a waya, ya daɗe yana kallo, ya mayar da wayar ya ce Yaya yana da gaskiya, amma ranar bai ci abinci ba. Duk da haka kullum yana gaya wa Keziya akwai wani hoto inda kakarta take riƙe da kafaɗarsa, na asalin yana wurin Baba Filibus, domin Baba Filibus ba ya yar da komai. Wayarsa ta tafi da shi cikin rami, ba su da ko hoto ɗaya nasa, yarinyar kuma ta fara cewa tana manta fuskarsa. Abin da ya kawo su ke nan.

Filibus ya dubi Rifkatu ya ce ta kawo na takarda. Rifkatu ta buɗe jaka ta fito da shi tana hawaye. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, danshi ya bi bango ya shiga bayan gilashin ba ta sani ba, ya fara ci daga gefe. Da ta ji rasuwar sai ta sauko da shi ta ga ya manne wa gilashi, tana ɗagawa gefen nan ya sāle. Inda Habila yake tsaye babu komai sai farar takarda da tabon ruwa. Ta ce, “Shi ya sa muka zo wurinka, Yaya. Buɗe naka.”

Wayyo Filibus. Ya zauna gaban kwamfuta. Ya bincika ko'ina, ya tono tsofaffin ma'ajiyai, ya san babu amma ya ci gaba da nema don ya kasa juyowa ya dube su. Har ya ɗauki hoton da ke shafin ya juye shi cikin PNG, shi da ya fi kowa sanin aikin banza ne. Mazubi mai kyau yana riƙe abin da aka zuba masa ne, ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar. Hoton ya fito yadda yake, Mama da yankakken hannu, gefenta babu kowa.

Keziya ta matso kusa da shi tana leƙe. Ta ce, “Baba, wannan ce Kaka?” Ya ce ita ce. Ta ce, “Ina hannunta?”

Filibus ya buɗe baki zai yi bayanin nauyi da sabis kamar yadda ya saba, sai ya fasa. Ya ce, “Ni na yanke shi.”

Yarinyar ba ta gane ba. Ta ɗora ɗan yatsanta a kan gilashin kwamfutar, a kan shuɗin da ke gefen kakarta, ta ce, “A nan babana yake tsaye?”

Ya ce, “A nan yake.”

Ta daɗe yatsanta yana wurin. Filibus, wanda bai yi kuka a kabarin uwarsa ba, bai yi ba ranar da ya ji ramin ya rufta, ya kifa kansa a kan tebur ya yi kuka mai zafi. Ya riƙe yarinyar nan ya rene ta kamar ’yarsa, ya kyauta, amma fuskar ubanta bai iya ba ta ba har abada.

Ga abin da misalin nan yake nufi, mai kunne ya ji. Hoton shi ne ɗan'uwanka kamar yadda yake a gaban Allah. Mazubin kuwa zuciyarka ce, inda kake ajiye mutane. Wurin da ya dusashe shi ne inda masu rauni suke tsaye, waɗanda suke ƙoƙari suna faɗuwa suna tashi, ba su kai rabi ba amma ba su ɓace ba. Akwai zuciyar da amsa biyu kawai ta sani, ko kana nan ko ba ka nan. Irin wannan zuciya tana da sauƙin ɗauka, ba ta da nauyi, mai ita yana barci lafiya, domin ya riga ya zubar da duk wanda zai dame shi. Zuciyar da take riƙe mutum a rabinsa, da kwatansa, da ɗan abin da ya rage na kirki a cikinsa, tana da nauyi, ba za mu ruɗe ku ba. Mama ta ɗauki nauyin nan shekara da shekaru tana rufe tuwo.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an koyar da cewa shan burkutu ba laifi ba ne. Laifi ne, Habila ma ya sani, shi ya sa ya tsaya a bakin ƙofa. Amma wanda yake bakin ƙofa fuskarsa ciki take kallo, kai kuma da ka ce masa babu tsakiya, ka san ta inda ya fi masa sauƙi ya bi.

Ku lura kuma da yadda Filibus ya yi abin. Bai ɗauki almakashi ba, ya bar mazubi ya yi masa yankan don ya ce hannunsa a tsabtace yake. Mu ma mun iya wannan. Ba ma korar mutum da baki, sai mu ce tsari ne, ka'ida ce, don amfanin jama'a ne, alhali mun san wanda muke so abin ya zubar. Allah yana ganin yatsan da ya danna.

Abu mafi ciwo kuwa shi ne, ba a yanke ɗan'uwa shi kaɗai. Hannun Ubangiji yana kan kafaɗarsa tun kafin ka yanke hukunci, in ka cire shi sai ka haɗa da hannun. Abin da zai rage maka shi ne Allah mai yankakken hannu, irin wanda ka zana wa kanka, ranar da kai ma ka dusashe kuwa za ka nemi hannun nan. Wane ne a cikinmu yake fitowa raɗau kowace rana? Da Ubangiji yana ajiye mu a zuciya irin ta Filibus, da bencin nan duk babu kowa a kai, har da na gaba.

Saboda haka, in kana da Habila a gidanku, ko ’yar'uwar da ka daina amsa gaisuwarta, kada ka ce ai akwai lokaci, ai wani yana riƙe da ita. Filibus ya dogara ga Rifkatu, Rifkatu ta dogara ga Filibus, danshi kuwa yana aikinsa a bayan gilashi. Da an tashi daga nan ka neme shi, tun yana da kafaɗar da za a riƙe.